Ƙwaron Wake da Kwanakin Korona

Duk wanda ya taɓa ajiye wake ya san ba a cikin rumbu ɓarnar take somawa ba. Tun a gona, wake yana cikin kwasfarsa, macen ƙwaron nan take bi tana saka ƙwai. A yi roro, a sussuke, a sheƙe, ka ga wake fes. Ka zura hannu cikin buhu har gwiwar hannu ba ka ji komai ba, ka ɗinke bakinsa ka jingine. Alhali kuwa a cikin 'yan ƙwayoyi ƙalilan akwai tsutsar da ta riga ta huda ta shige, tana ci daga ciki. Bayan mako uku zuwa huɗu ta zama ƙwaro ta fito, mace ɗaya ta zuba ƙwai gommai a kan waken da ke kusa da ita, su ma su bi sahun uwarsu. Wata na farko ba abin da ido zai gani. Wata na biyu sai mai lura ƙwarai. Kafin bazara ta kankama, in ka kwance buhun sai ɗumi ya bugi hannunka, gari yana zuba, kowace ƙwaya da huji biyu ko uku. A ranar ce mai wake yake cewa ƙwari sun shiga masa kaya, alhali sun fi wata uku a ciki.

Abin da ake yi a wannan rana sananne ne. A baje a shanya, a tankaɗe, wasu su yayyafa fiya-fiya, wadda haɗarinta ga mai ci ya fi na ƙwaron. Ƙwari za su mutu, amma hujin da suka yi yana nan, kuma dillalin kasuwar Dawanau ba zai saya da kuɗin lafiyayyen wake ba. Buhun nan mai hawa uku da masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka fara yaɗawa a Najeriya da Nijar da maƙwabtansu daga 2007 yana aiki ne ta hanyar hana iska shiga, ƙwari su shaƙe ba tare da an zuba guba ba. In aka ɗaure shi da kaka, wake yakan kai damina lafiya lau. Buhun nan dai, in aka kawo shi bayan wata huɗu, abin da ya rage kawai zai tsirar. Ingancin buhun bai canza ba, ranar ɗaurewa ce ta bambanta.

Na kawo wannan ne saboda korona. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓacin da ta ayyana a kan cutar tun ranar 5 ga Mayun 2023, mutane sun jefar da takunkumin fuska sun koma harkokinsu. Amma a cikin shekarun nan an gano wani abu da bai kamata ya bi takunkumin zuwa bola ba, wato yadda yawan ƙwayar cutar yake hawa da sauka a jikin mutum kwana bayan kwana, da yadda amfanin magani yake rataye a kan wannan hawa da sauka. Masu karɓar maganin ƙanjamau sun saba da gwajin yawan ƙwayar cuta a jini, wanda ake yi musu lokaci-lokaci a ga ko magani yana ci. Na korona a hanci da maƙogwaro ake auna shi, kuma abin da ƙanjamau ke yi cikin shekaru, korona cikin mako biyu take gama shi.

Bayani mafi tsafta a kan kwanakin farko ya fito ne daga Landan. A 2021 masanan Imperial College, ƙarƙashin Farfesa Christopher Chiu, sun ɗiga wa matasa 36 masu cikakkiyar lafiya ƙwayar cutar a hanci da yardarsu, aka killace su a asibitin Royal Free ana ɗibar majinarsu safe da yamma. Abin da aka ɗiga ɗan mitsitsi ne, duk da haka 18 sun kamu. Kafin cikar kwana biyu an fara ganin ƙwayar a maƙogwaronsu. Daga nan ta koma hanci ta yi tashin gwauron zabi, ta kai ƙololuwa wajen kwana na biyar, a lokacin ana ƙirga ɗaruruwan miliyoyi a cikin mililita ɗaya na ruwan da aka wanke tsinken gwajin a ciki. Sa'an nan ta soma sauka, a hankali, ba da saurin da ta hau ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a binciken shi ne ba a sami daidaito tsakanin yawan ƙwayar da tsananin alamun ciwo ba. Akwai wanda hancinsa ke cike maƙil da ita, shi kuwa yana zaune garau, ko atishawa bai yi ba.

Dalilin wannan hawa ba ɓoyayye ba ne. Ƙwayar korona ba ta iya haihuwa da kanta. Sai ta maƙale wa ɗaya daga cikin ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe hanci da maƙogwaro, waɗanda likitoci ke kira sel, ta shige ciki, ta mayar da shi masana'antar buga kwafinta. Cikin sa'o'i kaɗan sababbi su fito da yawa, kowace ta nemi wani sel. Wasu masana a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila sun yi ƙiyasi a 2021 cewa a ranar ƙololuwa mutum ɗaya yana ɗauke da ƙwayoyi tsakanin biliyan 1 zuwa biliyan 100, kuma nauyinsu duka bai wuce kashi ɗaya cikin goma na miligiram ba. Abin da ke tsayar da hawan shi ne garkuwar jiki ta farga, da kuma raguwar sel ɗin da ba a riga an mamaye ba.

Tun cikin Afrilun 2020 wani bincike a kan majinyata 94 a birnin Guangzhou na ƙasar Sin ya nuna cewa ƙwayar ta fi yawa a maƙogwaro daidai lokacin da alamun ciwo suke farawa, kuma masu binciken sun ƙiyasta kashi 44 cikin 100 na yaɗuwar cutar yana faruwa ne kafin mai ita ya ji komai. Nan ne korona ta bambanta da 'yar uwarta SARS, wadda ta ɓulla a 2002 ta tayar da hankalin duniya a 2003. Likitocin Hong Kong sun gano ita SARS sai wajen kwana na goma take kai ƙololuwa, lokacin da majinyaci ya riga ya kwanta a asibiti. Shi ya sa aka iya kewaye ta aka murƙushe ta cikin 'yan watanni. Waɗannan na'urorin auna zafi da aka riƙa saita mana a goshi a ƙofar banki da filin jirgi, dabarar yaƙi da irin su SARS da Ebola ce. Ga korona, mutumin da ya fi kowa haɗari a layin yakan wuce da goshinsa sanyi ƙalau.

Sai batun gwaji, inda aka fi samun ruɗani. Gwajin PCR ba ya ƙirga ƙwayoyi masu rai. Gutsuren saƙon halittar ƙwayar yake nema, ya ninka shi, ya sake ninkawa, zagaye bayan zagaye har wajen sau 40, sai na'ura ta iya hango shi. In abin yana da yawa tun farko, zagaye kaɗan ya isa. In kaɗan ne, sai an yi ta ninkawa. Saboda haka lambar da ake kira Ct tana tafiya a juye: ƙarama tana nufin ƙwaya mai yawa, babba tana nufin kaɗan. Kuma tunda kowane zagaye ninki ne, tazarar da ke tsakanin 20 da 30 ba goma ba ce, kusan ninki dubu ce. Mutum biyu za su karɓi takarda iri ɗaya mai cewa suna ɗauke da cutar, ɗaya yana fesa ta ga duk wanda ya gaisa da shi, ɗayan kuwa ya gama da ita tuni.

Matar da ta tsince waken da aka shanya ta san wannan. Ko bayan makonni tana tankaɗewa za ta ga ƙwari a faifai, amma gawarwaki ne, ba sa ci, ba sa haihuwa. Da za a tambaye ta ko akwai ƙwaro a waken, gaskiya ita ce akwai. Da za a tambaye ta ko zai lalata buhun da ke kusa, amsar dabam ce. Likitoci a Munich da Berlin sun bi majinyata tara na farko-farko a Jamus, suna ɗaukar samfurinsu suna ƙoƙarin raya ƙwayar a ɗakin gwaje-gwaje. A makon farko tana rayuwa cikin sauƙi. Bayan kwana na takwas ba su ƙara samun mai rai ba, ko da yake PCR yana ta nuna tana nan. A Koriya ta Kudu hankali ya tashi a watan Afrilu da Mayun 2020 da aka ga ɗaruruwan waɗanda aka sallama gwaji ya sake nuna suna da ita. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta bi diddigin 285 daga cikinsu da mutum 790 da suka yi cuɗanya da su, ba ta sami shaidar cewa sun harbi kowa a wannan karo na biyu ba, kuma samfura 108 da aka gwada rayawa babu ko ɗaya da ya tsiro. Wani nazari da ya tattara bincike masu yawa daga baya ya nuna PCR yakan ci gaba da ganin gutsuren a hanci da maƙogwaro kimanin kwana 17, har an sami wanda ya kai kwana 83.

Wannan ne ya sa a ƙarshen Mayun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya ƙa'idar sallama. Da, sai gwaji ya fito babu cuta har sau biyu. Sabuwar ƙa'idar ta ce a ƙirga kwana goma daga fara ciwo, a ƙara aƙalla kwana uku da mutum ba ya jin komai. Ka tuna mutanen da suka shafe makonni a cibiyoyin killacewa a garuruwanmu, sun warke sarai, sana'arsu ta tsaya, maƙwabta na gudun iyalansu, gadajen da suke kai kuma wasu na bukata, duk saboda ana jiran na'ura ta daina ganin gawa. Ba laifin kowa ba ne a lokacin, ilimin ne bai iso ba. Amma an biya kuɗinsa da rayuwar talakawa, kuma ya kamata a riƙe shi.

Magungunan da ke yaƙar ƙwayar kai tsaye, babu ɗaya a cikinsu da yake kashe wadda ta riga ta samu. Haihuwar suke tarewa. Remdesivir, wanda kamfanin Gilead ya fara gwadawa a kan Ebola, yana shiga cikin injin buga kwafi ya cije shi. Tarihinsa kaɗai ya isa darasi. Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada shi a babban gwajinta na Solidarity, a asibitoci 405 cikin ƙasashe 30, a kan mutanen da ciwo ya riga ya kwantar, sakamakon farko a Oktoban 2020 bai nuna raguwar mace-mace ta a-zo-a-gani ba. Rahoton ƙarshe ya sami ɗan amfani ga waɗanda ba su kai ga na'urar numfashi ba, babu kuwa ga waɗanda suka riga suka kai. Mutane da yawa suka ce maganin banza ne mai tsada. Sai aka sake gwada shi a kan mutum 562 masu rauni, tsofaffi da masu ciwon suga da makamantansu, waɗanda ba su wuce kwana bakwai da fara ciwo ba kuma ba su kwanta ba. Aka ba kusan rabinsu maganin ta jijiya kwana uku. Biyu kacal daga cikin 279 da suka samu ne suka kai ga kwanciya asibiti, alhali a rukunin da ba su samu ba 15 ne daga cikin 283. Magani ɗaya, kamfani ɗaya. Na farko ihu ne bayan hari.

Paxlovid na kamfanin Pfizer, wanda Amurka ta amince da shi a Disambar 2021, ya zo da sauƙin cewa ƙwaya ce ta haɗiya. Magunguna biyu ne a haɗe. Nirmatrelvir yana toshe almakashin da ƙwayar cutar ke yanka sassan jikinta da shi kafin ta haɗa sabuwa. Ritonavir kuwa, tsohon maganin ƙanjamau, aikinsa a nan shi ne ya hana hanta saurin narkar da na farkon. Ana sha safe da yamma, kwana biyar, kuma sharaɗin shi ne a fara cikin kwana biyar da jin alamar farko. A gwajin da aka yi wa mutane masu rauni da ba su yi riga-kafi ba, 8 daga cikin 1,039 ne suka kwanta asibiti ko suka rasu, a rukunin da aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta kuwa 66 daga cikin 1,046. Mutum 13 da suka rasu a gwajin duka suna rukuni na biyu. A kwana na biyar, yawan ƙwayar cutar a hancin masu shan maganin ya yi ƙasa da na sauran da kusan ninki goma. Sai dai da aka gwada shi a kan waɗanda ba su da rauni sosai, bai rage musu kwanakin jinya ta yadda za a iya dogara da shi ba. Jikin matashi mai lafiya, ko wanda ya yi riga-kafi, ya riga ya san aikin.

A nan misalin wake ya ƙare, domin buhu ba ya kare kansa, jiki kuwa yana yi, kuma wani lokaci kariyar ce take zama masifa. Waɗanda korona ta kashe, akasarinsu a mako na biyu abin ya rikice musu, daga kwana na bakwai zuwa na goma, lokacin da ƙwayar a hanci ta riga ta kama hanyar sauka. Garkuwar jiki ce take wuce gona da iri, huhu ya kumbura ya tara ruwa, jini ya riƙa daskarewa a ƙananan jijiyoyi, iskar oksijin ta kasa ratsawa. A wannan mataki abin da ake bukata shi ne a lallashi garkuwar. Ranar 16 ga Yunin 2020 masanan Jami'ar Oxford, Peter Horby da Martin Landray, suka sanar da cewa dexamethasone, tsohon magani mai araha, ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar ga waɗanda ke shaƙar oksijin. Rabin labarin da bai yaɗu ba shi ne, ga waɗanda ba sa bukatar oksijin bai amfana komai ba, alƙaluman ma sun karkata wajen cutarwa. Hankali zai ɗauka: wanda ya sha shi a kwana na biyu ya ɗaure hannun garkuwarsa a daidai lokacin da ƙwayar ke ninkuwa. Wannan yana damuna ƙwarai, domin a wurinmu dexamethasone ba ya bukatar takardar likita a aikace. Kowane kemis yana da shi, har wasu na shan sa don su yi ƙiba. Maganin da zai ceci mutum ranar Juma'a ta biyu yana iya cutar da shi ranar Juma'a ta farko.

Kada kuma a ɗauka lambar da aka auna a hanci ita ce komai. Ta taɓa yaudarar duniya. A Maris na 2020 Didier Raoult da abokan aikinsa a Marseille ta Faransa suka wallafa cewa hydroxychloroquine, ɗan uwan kulorakwin ɗin da muka sani na zazzaɓin cizon sauro, yana share ƙwayar daga hanci cikin kwana shida. Mutum 26 aka ba maganin, amma 20 aka saka a lissafi. Daga cikin shidan da aka cire, uku an kai su ɗakin kulawa ta musamman, ɗaya ya rasu. Wato an fitar da waɗanda abin ya fi muni a kansu, aka ƙirga hancin waɗanda suka rage. Shugaban Amurka Donald Trump ya ɗauki maganar ya yayata, cikin 'yan kwanaki hukumomin Legas suka ba da rahoton mutanen da aka kai asibiti saboda sun sha kulorakwin fiye da kima. Manyan gwaje-gwaje sun nuna ba ya hana mutuwa, kuma mujallar da ta buga binciken ta janye shi a Disambar 2024, bayan ɓarnar ta daɗe da aukuwa. A ɗaya gefen, gwajin remdesivir ɗin nan da ya hana mutane kwanciya asibiti bai nuna wani bambanci a yawan ƙwayar da ke hanci a kwana na bakwai ba. Hanci ne tsinken auduga yake iya kaiwa, amma huhu ne wurin da ake mutuwa.

Molnupiravir na kamfanin Merck ya ƙara wani abin mamaki. Shi aikinsa cusa kurakurai ne a cikin kwafin ƙwayar har ta lalace. A Birtaniya an gwada shi a kan mutum fiye da 25,000, akasarinsu sun yi riga-kafi. Sun warke da wuri da 'yan kwanaki, amma bai rage kwanciya asibiti ba. Da aka bi wani rukuni daga cikinsu ana auna su, sai aka ga a kwana biyar na farko ƙwayar ta sauka da sauri a wurin masu shan maganin, amma a kwana na 14 tasu ta ɗan fi ta waɗanda ba su sha ba, kuma sinadaran kariya da jikinsu ya samar sun yi ƙasa. Wanda ya auna a kwana na biyar kawai zai tafi da labari ɗaya, wanda ya jira kwana na 14 zai tafi da wani.

Wannan ya kai mu ga komowar ciwo bayan an gama shan magani. Shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, ya kamu ranar 21 ga Yulin 2022, ya sha Paxlovid, gwaji ya nuna ya rabu da ita, ya fito, sai ranar 30 ga watan gwajin ya sake nuna ta dawo. Haka ta faru da Dakta Anthony Fauci, mai ba shi shawara kan lafiya, wata ɗaya kafin nan. Gwajin farko na kamfanin Pfizer ya sami irin wannan a kashi 1 zuwa 2 cikin 100, ko an sha maganin ko ba a sha ba. Amma wasu likitoci a Boston da suka riƙa auna mutane sau uku a mako sun same ta a mutum 15 daga cikin 72 da suka sha, da mutum 1 daga cikin 55 da ba su sha ba, kuma a wannan karon ƙwayar mai rai ce, tana iya harbin wani. Bayanin da masu lissafin yaɗuwar ƙwaya a jiki suka fi karkata gare shi, cikinsu har da Alan Perelson na cibiyar bincike ta Los Alamos wanda tun a 1995 da 1996 ya yi irin wannan lissafi a kan ƙanjamau tare da David Ho, shi ne cewa maganin ya danne ƙwayar kwana biyar, ya tsare sel masu yawa daga kamuwa, amma in an janye shi kafin garkuwar jiki ta gama shiri, 'yan ragowar za su tarar da fili a buɗe. Komowar yawanci ba ta da tsanani, kuma ba hujja ba ce ta ƙin shan magani ga mai rauni. Abin da take nunawa shi ne magani yana riƙe wa jiki abokin gaba ne kawai, jikin ne mai kayarwa.

Babu inda wannan ya fi bayyana kamar a wurin waɗanda garkuwarsu ta karye. A Durban ta Afirka ta Kudu, masana sun ba da rahoto a 2021 a kan wata mata mai ɗauke da ƙanjamau wadda maganin da take sha ya daina yi mata aiki. Korona ta zauna a jikinta kwana 216, tana ta sauya kamanni. Sai da aka canza mata maganin ƙanjamau, garkuwarta ta farfaɗo, sannan korona ta bar ta. A Landan an sami wanda ya ɗauke ta kwana 505. Masana da yawa suna ganin daga irin waɗannan jikkuna ne wasu sababbin nau'o'in cutar suka fito. Ga ƙasa irin Najeriya mai masu ɗauke da ƙanjamau kusan miliyan biyu, tabbatar da cewa kowa yana samun maganinsa ba yankewa wani ɓangare ne na yaƙi da korona, ko da ba wanda ya rubuta shi a cikin kasafin korona. Akwai kuma tarkon da ya shafe mu kai tsaye: rifampicin, ginshiƙin maganin tarin fuka, yana sa hanta ta cinye Paxlovid kafin ya yi aiki, don haka ba a haɗa su. Ritonavir ɗin da ke ciki kuma yana rikici da wasu magungunan zuciya da na rage kitsen jini. Ba maganin da za a saya a tasha a sha ba ne.

To yanzu a auna kwana biyar ɗin nan da yadda muke jinya. Dattijo mai ciwon suga ya tashi da zazzaɓi da ciwon jiki. Ranar farko a ce gajiya ce, a ba shi farasitamol. Rana ta biyu ko ta uku a aiki yaro kemis ya karɓo maganin maleriya, a sha kwana uku. In bai sauka ba a ce taifot ce, a soma wani. Sai numfashi ya fara sarƙewa ake neman mota, a lokacin an ci mako guda ko fiye. Ba sakaci ba ne ko rashin ƙauna. Mutane suna bin abin da ya saba yi musu aiki, da abin da aljihu zai iya. Pfizer ya ba da lasisin yin samfurin Paxlovid mai araha ga ƙasashe 95 ta hannun ƙungiyar Medicines Patent Pool a Nuwambar 2021, kuma a Disambar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance na kamfanin Hetero na Indiya. Amma kwalin magani a babban asibitin birnin jiha ba ya amfanar wanda zai isa can a kwana na tara. Inda ake bukatarsa shi ne ƙaramin asibitin unguwa da na ƙauye, tare da gwajin gaggawa na minti goma sha biyar, wanda binciken Landan ɗin nan ya nuna yana kama cutar sosai a kwanakin da ƙwayar take da rai, da ma'aikacin lafiya da aka koya wa ya fara da tambayar, “Baba, yau kwana nawa da farawa?”

Kuma ba korona kaɗai ba ce. Oseltamivir, maganin murar nan mai tsanani, ya fi aiki in an fara shi cikin sa'o'i 48. Zazzaɓin Lassa, wanda ke dawo mana kowane rani a Bauchi da Taraba da Edo da Ondo, binciken da aka yi a Saliyo aka wallafa a 1986 ya nuna ribavirin ya fi ceton rai in an soma shi cikin kwana shida na farko, ko da yake masana suna muhawara har yanzu a kan ƙarfin wannan hujja. Lassa ma da zazzaɓi da kasala take farawa, ita ma sai an gama da maleriya da taifot ake tunawa da ita. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, tana fitar da rahoton Lassa mako-mako, kuma shekara da shekaru jinkirin kai majinyata asibiti yana cikin matsalolin da take lissafawa a kan yawan waɗanda ke rasuwa.